Allurar hoton ƙashi: iraniyom za a sa wa Inna?

Tambaya: Lokotoro, an turo mahaifiyata daga Tawa zuwa Yamai a yi mata hoton ƙashi, sintigirafi, saboda kansar nono da ake mata magani. Kawuna ya ce allurar ruwan iraniyom ce, tana zama a jiki har kabari, ko jikoki kada su raɓe ta. Yanzu Inna ta ce ba ta zuwa. Hankalina ya tashi.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ɗan'uwa. Abin da ke cikin sirinjin sunansa teknesiyom, na 43 a jadawalin sinadarai. Ba haƙo shi ake yi ba. A 1937 Emilio Segrè da Carlo Perrier suka gano shi a Palermo ta Italiya, jikin wani ɓallin ƙarfen molibdenom da aka aiko musu daga wani injin bincike da ke Berkeley a Amurka. Shi ne sinadari na farko da ɗan Adam ya ƙera da hannunsa.

Maganar kawu kuwa, na gaji da jin ta. Mu a ƙasar nan da an ce "radiyasho", wato hasken da ba a gani da irin waɗannan sinadarai ke fitarwa, sai zuciya ta tafi Arlit, garin haƙar iraniyom. Iraniyom 238 sai ya yi shekara biliyan 4 da rabi kafin rabinsa ya narke. Teknesiyom 99m da muke allura da shi, awa 6. A yi mata da ƙarfe 9 na safe, kafin la'asar rabi ya tafi, bayan isha'i saura rubu'i, gobe war haka kashi 1 cikin 16, ban da wanda ya bi fitsari. Ina kabari a nan? Saurin mutuwarsa ma shi ne ciwon kanmu: uwarsa da ake samun shi daga gare ta, molibdenom 99, daga waje ake kawo ta, ita ma awa 66 rabinta ya tafi. Ka saɓa ranar da aka ba ka, allurarka ta salwanta.

Abin da ke ƙona min rai, na sha ganin tsohuwa ta gudu daga wannan allura, ta yi wata da watanni wajen mai sayar da jiƙo a galan, sai an kawo ta a tabarma, ciwon ya ci ƙashin baya. Shi mai jiƙon bai taɓa ganin hoton ƙashi ba, amma bakinsa ya fi na kowa.

Ta sha ruwa da yawa, ta yawaita fitsari. Ranar kaɗai kada ta daɗe rungume da jariri ko ta kwana kusa da mai ciki. Kawu kuma a taho da shi Yamai, ina son mu gaisa.