Hukuncin sayen dukushi bisa kintacen yadda zai kasance idan ya girma

Tambaya: Malam, ina son sayen dukushi ɗan wata shida domin gasar dirasaj, wadda ake auna doki a cikinta da kyawun taku da biyayya ga mahayinsa. Mai shi ya tsawwala kuɗi, yana cewa ƙirarsa da asalinsa sun nuna zai zama gwani. Shin wannan ciniki bai shiga garari ba, wato ciniki a kan abin da ba a da tabbacinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, cinikin ya inganta, domin abin da aka ƙulla shi a kansa dabba ce rayayya da ka gani da idonka, saɓanin sayar da ɗan abin da ke cikin ciki, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito haninsa daga Ibn Umar.

Kintace da alamomi kuma ba da'awar sanin gaibu ba ne, zato ne da gogewa ta haifar. Dukushi yakan kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayinsa a shekara ɗaya, amma ƙashin bayansa ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara biyar ko shida, kuma a tsakani akwai lokacin da kuturinsa ke ɗara kafaɗarsa tsayi, takunsa ya rikice, har mai kallo ya yi zaton ya lalace alhali girma yake yi. Shi ya sa masana suka fi dogara ga kwanciyar kafaɗa, da mazaunin wuya, da ƙirar iyayensa, suna fifita taku da ƙaramar sukuwa a kan sassarfar da ke ɗaukar ido, domin sassarfa ce horo ya fi iya gyarawa. Ga shi kuma matakin ƙoli na gasar ba a shigarsa sai doki ya kai shekara takwas.

Saboda nisan wannan tazara, idan aka sanya a cikin ƙullin cinikin cewa lalle zai kai tsayi kaza ko ya ci gasa, an sharɗanta abin da ba ya hannun kowa, kuma garari ya shigo. Ku bar shi a matsayin zato.

Ina ganin ka sa likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashi (X-ray) na gaɓoɓinsa, domin ciwon guringuntsi kan ɓuya a ƙananan dawaki, sannan ka sharɗanta zaɓi, wato damar tabbatar da cinikin ko warware shi cikin wani wa'adi, wanda Malikawa suka ƙaddara da kamar kwana uku a dabba. Idan mai shi ya ɓoye aibin da ya sani ya yi ha'inci, kuma kana da damar mayarwa. In kuwa dukushin lafiyayye ne, ya girma bai cika burinka ba, ba ka bin sa komai. Allah ne Mafi sani.