Tsohon gidan ƙasa mai araha a birnin Zariya

Malam, ka tambayi inda za ka sayi tsohon gidan ƙasa mai zaure da zankwaye cikin birnin Zariya da araha. Ana samu, amma ta hannun mai unguwa da dillalan unguwa, don yawancinsu gidajen gado ne da magada ke son sayarwa su raba kuɗin. Na lungun da mota ba ta shiga sun fi sauƙi.

Kada ka biya sai kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu. Ka je dubawa a Agusta, tsakiyar damina: duba gindin bango, ƙarƙashin indararo, da bakin azara inda yoyo ke ruɓar da ita. Yi hattara da wanda aka shafe da siminti, yana tsare danshi cikin tubali har bango ya zube.