Kafin ka ɓamɓare falanki ko ɗaya a jikin gidan nan

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, na bari sai da gari ya waye don in ba ka amsa a tsanake. Ka ce matar nan da muka gyara wa katanga bara a yammacin Houston ta kira ka kai tsaye, tana so a cire falankin roba da aka lulluɓe gidanta da shi, a yi mata shafen siminti, wanda a nan suke kira situko. Tambayarka biyu ce: ko za ka iya fara cirewa ranar Litinin tunda gidanta ne kuma kuɗi na hannu, sannan ko aikin ya bambanta da filastar da ka saba yi a Zariya.

Kada ka zare ko ƙusa ɗaya ranar Litinin. Gidan nata ne, babu musu, amma ranar da ta saye shi, da sharuɗɗan unguwar ta saya. A rubuce suke, an yi musu rajista a ofishin gunduma tare da takardun filin, kuma suna bin gidan ko hannun wa ya koma. Birnin Houston ba shi da dokar rarraba unguwanni, wato mai tsara irin ginin da za a yi a kowane yanki, irin ta sauran manyan biranen Amurka, shi ya sa waɗannan sharuɗɗa suke da ƙarfi sosai a nan. Ƙungiyar masu gidajen unguwar, wadda ake taƙaita sunanta da HOA, ita ke tsaron su, kuma tana da kwamitin da ke duba duk abin da zai sauya fuskar gida, daga launin fenti har irin rufin kwano. Sauya bango gaba ɗaya kuwa shi ne babba a cikinsu. In aka yi ba da izininsu ba, za su iya cin ta tara, su kai ta kotu a tilasta mata ta rushe ta mayar yadda yake.

Don haka abu na farko, ka ce ta ɗauko maka kundin sharuɗɗan ku karanta tare. Wata unguwar ta lissafa kayan da aka yarda a rufe bango da su, in babu situko a ciki, magana ta kusa ƙarewa. Ka kuma duba ko gidan a tsaye yake shi kaɗai ko yana cikin jerin gidajen da bangonsu ke haɗe, domin a irin waɗannan sau da yawa gyaran bangon waje haƙƙin ƙungiyar ne, ba na mai gida ba. In hanya a buɗe take, sai ku cike takardar neman izini. Ka taimaka mata, don kai ka san aikin. Ka sa hotunan gidan ta kowace fuska, da sunan launin da lambarsa, da bayanin yadda za a gama tagogi da kusurwoyi. Ni abin da nake yi, ina yanko katako kamar ƙafa biyu, in yi masa shafen ƙarshe da ainihin launin da laushin da za a yi, in ba mai gida ya kai musu. Mutanen kwamitin nan maƙwabta ne, ba magina ba, idan suka shafa abu da hannunsu sun fi saurin fahimta. In akwai wani gida a layin da aka riga aka yi wa situko, ka ɗauki hotonsa ka haɗa.

Yawancinsu sukan ɗauki wata ɗaya ko fiye kafin su amsa, adadin kwanakin yana cikin kundinsu. Amsar kuma a rubuce za ta zo, da sa hannu. Shekarun baya, wani mai gida ya ce mini ya yi magana da shugaban ƙungiyarsu a bakin titi, ya ce masa babu matsala. Na yarda, muka tuɓe fuskar gidan biyu. Kwana uku sai ga wasiƙar dakatarwa. Gidan nan ya yi mako biyar da baƙar takardar hana ruwa kawai a jikinsa, ana ruwa, kullum da asuba ina zuwa ina manna inda iska ta yage. Har yau in na tuna fuskar matar gidan tana leƙowa ta taga, zuciyata ba ta yi mini daɗi. In sun ƙi, ba a nan aka tsaya ba. Tun 2021 dokar jihar Texas, inda Houston take, ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke da filaye sama da 40 su rubuta dalilin ƙin, mai gida kuma yana da damar kai kukansa gaban shugabannin ƙungiyar. Izinin hukumar gine-gine daban ne, ɗaya ba ya tsaya wa ɗaya, duka biyun za ka nema.

To, batun aikin kansa. Hannunka ya iya cokali, wannan ba na shakka. Sai dai a Zariya kana shafa siminti ne a kan bulo, dutse a kan dutse. In ruwa ya shiga, bango ya sha, rana ta fito ya bushe. Ko magabatanmu da ke shafe ginin ƙasa da makuba sun san abin da ke ƙarƙashin shafensu zai jure ɗan danshi. A nan kuwa gidan katako ne. Bayan shafenka akwai allon katako, bayansa akwai ginshiƙan katako. Situko yana shan ruwa kamar kowane siminti, kuma Houston tana samun ruwan sama wajen inci 50 a shekara. Falankin robar da take so ta rabu da shi, duk da ba ya burge ido, akwai iska a bayansa, ruwan da ya shiga yana gangarowa ya fita. Kai za ka cire wannan ka manna abu mai riƙe danshi. In ba ka buɗe wa ruwa hanyar fita ba, cikin 'yan shekaru katakon zai ruɓe a ɓoye, gara ta biyo baya, waje kuma fes kamar ba komai. A tsakiyar shekarun 1990 haka ta faru a garin Wilmington na jihar North Carolina, inda aka tarar da ɗaruruwan gidaje masu situkon zamani, irin wanda ake shafawa a kan soso, sun ruɓe ta ciki saboda ruwa ya shiga ta gefen tagogi bai sami mafita ba.

Saboda haka rabin aikin ana gama shi ne kafin a kwaɓa siminti. Idan ka cire falankin, ka bi allon da sukuddireba kana dannawa, musamman ƙarƙashin tagogi da inda rufi ya haɗu da bango. Duk inda ya lotsa a sauya shi, kuma ka rubuta a yarjejeniyarku cewa kuɗin wannan daban ne, don babu wanda ya san abin da ke ciki sai an buɗe. Sai takardar hana ruwa, ninki biyu, ana farawa daga ƙasa, ta sama tana hawa kan ta ƙasa yadda ake jera kwanon rufi. Dalilin ninki biyun shi ne ta wajen tana mannewa da siminti, ta cikin ce ke zama a sake ruwa ya bi ta kanta ya sauka. A gindin bangon akwai ƙarfe mai huji-huji da ruwan ke fita ta cikinsa. Ya zama aƙalla inci 4 sama da ƙasa, ko inci 2 sama da daɓen siminti. Na sha ganin an binne shi da ƙasar fulawa, wannan toshe wa gida maƙogwaro ne. Tagogi ka ba su lokacinka sosai, don yawancin ɓarna daga nan take farawa. Haka inda ƙarshen rufi ya tokari bango, ka sa ɗan lanƙwasasshen kwanon nan da ke karkatar da ruwa zuwa indararo.

Bayan nan sai ragar ƙarfe, ƙusoshinta su shiga ginshiƙi, ba allo kawai ba, domin situko yana da nauyi, wajen fam 10 a kowace murabba'in ƙafa. Shafe uku ne. Na farko kaurinsa kashi 3 cikin 8 na inci, ka karce shi a kwance tun yana ɗanye don na biyu ya kama. Na biyu ma kaurinsa haka, shi ne ake daidaitawa da katako ya miƙe. Na ƙarshe siriri ne, kashi 1 cikin 8, shi ke ɗauke da launi. Kowanne daga biyun farko yana buƙatar yayyafin ruwa na kwana biyu, na biyun kuma ka bar shi mako guda kafin ka ɗora na ƙarshe. A zafin Yuli ka bi inuwa, ka fara da bangon da rana ba ta kai ba. Kada ka manta da layukan da ake bari don tsagewa ta bi ta cikinsu, kada fili ɗaya ya wuce murabba'in ƙafa 144. Ƙasar Houston laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, gida yana motsi, situko kuma ba ya lanƙwasa. Ka gaya wa matar tun yanzu cewa siraran tsage kamar gashi za su fito, kada daga baya ta ɗauka ha'inci ne.

Ka tambaye ta shekarar da aka gina gidan. In kafin 1978 ne, mai yiwuwa akwai tsohon katako mai fentin dalma a ƙarƙashin robar, ko ma allunan asbestos. A gwada kafin ka kankare ko ka fasa, saboda huhunka da na yaran gidan.

Wannan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya a karonsa na farko, kuma ba raini ba ne. Ka karɓa, amma mu yi tare. Ranar Asabar bayan Azahar ka zo da kundin sharuɗɗan da hotunan gidan, in akwai ragowar katako a motarka ka taho da shi mu yi samfurin da za a kai wa kwamitin. Kada ka karɓi ko dala ɗaya ta kafin alƙalami sai takardarsu ta fito.