Kar ka tsaya jiran bakin yaro ya bushe

Ƙanena, ka ce yaran unguwar Shara Mansur ta Makka da ake kawo maka asibiti, musamman 'yan shekara biyu, ba sa yarda su hau kujera, ga yawu kamar famfo, shin sai ka busar da haƙoran ƙarau da injin iska kafin ka shafa banish ɗin fulorayid, maganin nan da ake shafa wa haƙori don hana shi ruɓewa?

A'a. Banish ba ya gudun danshi, yawun ne ma ke sa shi ya daskare. Abin da ake so kawai kar haƙorin ya kasance jiƙe sharkaf a lokacin da buroshi ya taɓa shi. Jel ɗin fulorayid da ake zubawa a mazubi a cusa a baki na minti 4 shi ne mai wahala, kuma ba a yi wa ɗan ƙasa da shekara 6 shi, don haɗiyewa zai yi.

Rabu da kujerar. Ka zauna kuna fuskantar juna da mahaifin, gwiwa da gwiwa. Ya rungumi yaron suna kallon juna, ƙafafun yaron sun zagaye ƙugunsa, sannan ya kwantar da shi rigingine, kansa ya sauka a cinyarka. Shi ya riƙe hannuwa, kai kana da kai. In uwa ce ta kawo shi, ka san garin nan, ka sa filo tsakaninku ko ka kira ma'aikaciyar jinya ta zauna a madadinka. In ya fashe da kuka kar ka damu, ya buɗe maka bakin ne kyauta.

Kafin ka kwantar da shi, komai ya zama a buɗe. Banish ɗin da muke aiki da shi sodiyam fulorayid ne kashi 5 cikin ɗari, wato fulorayid zalla ppm 22,600 (kashi 22,600 cikin miliyan), ga man goge baki na manya kuwa wajen 1,450. Shi ya sa awo ba wasa ba ne: mililita 0.25 ya ishi haƙoran nono 20 ɗin nan duka, jariri mai haƙori huɗu ko shida kuwa ɗigo ya wadatar. Ka juya shi sosai da buroshin, don fulorayid ɗin yakan kwanta a ƙasa.

Sai ka raba bakin gida huɗu. Goge gida ɗaya da ƙyallen bandeji, shafa nan take, ka wuce. Shafi siriri, ba yaɓe ba. Kauri guntulewa yake, yaro ya haɗiye. Inda na fi so ka dage shi ne haƙoran gaba na sama. Ɗaga leɓen, dubi gindinsu daf da dasashi. In ka ga farin layi kamar an ja da alli, ruɓa ce ta fara, galibi aikin fidar dare ne da shayi mai sukari, kuma a wannan matakin banish na iya tsayar da ita. In ya riga ya zama kogo, to sai ciko. Daga nan sai ka shafa ramukan saman turame da tsakanin haƙora. Duka bai kamata ya wuce minti biyu ba.

Wanda bakinsa ke da gyambo, ko dasashi ya kumbura yana jini, a bari ya warke. Ka tambaya ko filasta na sa masa borin jini, domin akwai ƙaron itace a cikin banish ɗin, ko an taɓa kwantar da shi saboda asma. In an ce e, dakata ka kira ni.

Iyaye kuma ka faɗa musu tun kafin su gani: banish irin wanda ake kira Duraphat yakan bar haƙori rawaya, gogewa za ta fitar da shi gobe. Yau abinci mai laushi, ban da mai zafi, ban da buroshi da asuwaki sai da safe. A dawo da shi bayan wata 6, mai farin layin nan kuwa ka rubuta masa wata 3.