Agogon hannu da ɗaga ƙarfe: kalorin da yake nunawa abin dogaro ne?

Saƙonnin wannan karon sun fi karkata kan agogon hannu na zamani, mai ƙirga taku da bugun zuciya da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma yawancinsu daga masu ɗaga ƙarfe suka fito. Na zaɓi huɗu na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29, nauyina kilo 84, ina ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako a nan Kano. Ni da abokina atisaye ɗaya muke yi, ƙarfe ɗaya, lokaci ɗaya. Agogona ya ce na ƙona kalori 650 cikin awa guda, nasa ya ce 310. Nasa ya fi nawa tsada nesa ba kusa ba. Wanne ke faɗin gaskiya? In sayar da nawa in sayi irin nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe agogonka, ka adana kuɗinka. Daga naka har na abokinka babu wanda ya auna kalori, kowanne kintace ya yi, sai dai kintacen nasa ya fi kusa da abin da hankali zai ɗauka.

Idan masana suna son sanin ainihin ƙarfin da jiki ya kashe, takunkumi mai tiyo suke sa wa mutum a fuska, na'ura tana auna iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Duk lita ɗaya ta oksijin da jiki ya ci tana daidai da kalori kusan 5. Agogo kuwa ba ya ganin numfashinka. Abu biyu gare shi: koriyar fitilar nan ta bayansa, mai haska fata tana lura da kai-komon jini don ƙirga bugun zuciya, sai wata 'yar na'ura a ciki mai jin motsin hannu. Waɗannan yake haɗawa da shekarunka da nauyinka da tsayinka, da ko namiji ne kai ko mace, ya zuba su cikin lissafin da kamfaninsa ya tsara, lamba ta fito. Kowane kamfani da irin nasa lissafin, shi ya sa ko a hannun mutum ɗaya aka ɗaura agogo biyu sai su saɓa.

A wajen gudu ko tuƙa keke lissafin yana ɗan yin daidai, domin zuciya da numfashi tare suke hawa, tare suke sauka. Ɗaga ƙarfe ba haka yake ba. Lokacin da ka shiga ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi, ka cije, ka riƙe numfashi ka yunƙura, matsi yana ƙaruwa a ƙirji da ciki, tsokar da ta ɗaure tana matse jijiyoyin jini, jinin da ke komawa zuciya ya ragu. Sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin, amma kowane bugu jini kaɗan yake turawa. Agogo ya ga bugu 150 a minti, ya ɗauka gudu kake shararawa, alhali oksijin ɗin da kake ci bai kai na mai gudun ba. Kamar mutum ne a bakin titi yana son ya faɗi man da mota ta sha daga jin ƙarar injinta kawai.

Sannan ka duba awa gudan nan taka da idon basira. A ce ka yi zagaye 20 (zagaye shi ne ɗagawar da kake yi a jere kafin ka huta), kowanne ya ɗauki daƙiƙa 40. Minti 13 da 'yan kai ke nan kana aiki. Sauran lokacin kana zaune ne, ko kana canja ƙarfe, ko kana jiran wani ya tashi daga benci, zuciyar kuma ba ta gama saukowa ba, agogo yana ta ƙirga maka. Ƙara da zafin Kano na watan Maris da Afrilu a ɗakin da fanka ba ta juyawa: jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, zufa ta rage ruwan jiki, bugu ya ƙara hawa ba tare da ka ƙara aikin komai ba. Kofi ko shayi mai kauri kafin atisaye ma yana iya taɓa shi. Kuskuren kuma ba sama kaɗai yake yi ba. In ka damƙi sandar ƙarfe da ƙarfi ka lanƙwasa wuyan hannu, fitilar takan kasa karanta jini sosai, in kuma ƙafa kake turawa hannu na wuri ɗaya, agogo ya ɗauka hutawa kake.

A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agogo iri bakwai a jikin mutum 60, ciki har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2. Wajen bugun zuciya, shida daga cikinsu kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe da kashi 93. Kuma a zaune da tafiya da gudu da keke aka yi gwajin, wato ayyukan da suka fi wa agogo sauƙi. An samu ci gaba a na'urorin tun daga lokacin, amma matsalar tana nan, domin har yau daga wuyan hannu ake kintatar abin da ke faruwa a huhu.

Ga lissafin da za ka yi da kanka. Mutum a zaune yana ƙona kusan kalori ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa a awa guda. Jadawalin da masana motsa jiki ke aiki da shi ya sa ɗaga ƙarfe na yau da kullum a ninki 3.5 na wannan, mai tsanani a ninki 6. A kilo 84, tsakanin 294 da 504 ke nan, kuma 84 daga ciki da ma za ka ƙona su ko kana kan tabarma. Ka ga 650 ta yi yawa. Ka leƙa manhajar agogon a wayarka ka tabbatar nauyin da ka shigar daidai ne, ka kuma duba ko jimillar kalori naka yake nunawa, na abokinka kuma na motsi zalla, domin wannan kaɗai yana kawo tazara.

Tambaya: Ni matar aure ce a Kaduna, ina son rage ƙiba bayan haihuwa. Ina ɗaga ƙananan ƙarafa a gida, duk abin da agogo ya ce na ƙona sai in ƙara shi a abincina, kamar yadda manhajar ta nuna. Wata uku ke nan sikeli bai motsa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya raya. Matsalar tana wajen ƙarin abincin nan. In agogo ya ce 400 alhali abin da kika ƙona 200 ne, kika ci 400, kin mayar da abin da ya fita har da riba. Mayarwar kuma ba ta da wuya: cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne, robar lemo mai sukari ta rabin lita kusan 200. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kusan 7,700. Ki shiga manhajar ki kashe wurin da take ƙara miki kalorin atisaye a kan abincin yini.

Akwai wani bincike da nake son duk mai shirin sayen agogo don rage ƙiba ya sani. Jami'ar Pittsburgh ta bi mutum 471 tsawon shekara biyu, aka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 2016. Dukkansu an ba su tsarin abinci da shawarwari, rabi kuma aka ƙara musu na'urar ɗaurawa mai lissafin motsi. Masu na'urar sun rage kilo 3.5, marasa ita kilo 5.9. Ba wai na'urar ce ke sa ƙiba ba, amma a fili yake ba ita ke rage ta ba.

Kada wannan ya sa ki ajiye ƙarafan. Amfaninsu ya wuce kalorin da ake ƙonawa a lokacin: suna tsare tsoka kada ta zube tare da kitse, suna ƙarfafa ƙashi da baya, suna taimaka wa jiki sarrafa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri. Ki nemi tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu daidai cibiya kowane mako biyu, ki hau sikeli da safe kafin karin kumallo, ki duba inda lambar ta dosa a wata guda. Sau da yawa ƙugu yakan riga sikeli nuna canji. In kina shayarwa, kada ki tsuke abinci da yawa sai kin yi magana da likita ko ungozoma.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. An ce min in sayi bel ɗin ƙirji, wai agogo ba ya karanta baƙar fata da kyau. Gaskiya ne?

Amsa: Maganar tana da tushe, Malam. Sinadarin da ke sa fata duhu yana shanye koren haske, kuma binciken Stanford ɗin can ya ga kuskure ya ɗan fi yawa ga masu duhun fata. Amma wani da aka yi a Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci na a-zo-a-gani tsakanin launukan fata ba, motsi ne ya fi rikita na'urorin. Kafin ka kashe kuɗi, matsar da agogon sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa biyu, ka ɗaure shi ya kama, ka riƙa share zufa daga bayansa.

Bel ɗin ƙirji irin su Polar H10 wutar da zuciya ke fitarwa yake ji kai tsaye, saboda haka damƙar ƙarfe ko launin fata ba su dame shi ba. Bugun zai ba ka daidai. Sai dai wannan bugun za a zuba cikin lissafin nan da muka ce ba ya dacewa da ɗaga ƙarfe, kalorin ya sake fitowa kintace. In kana haɗawa da gudu ko keke kana son sanin inda zuciyarka take, ya cancanci kuɗinsa. In don kalorin ƙarfe ne kawai, a'a.

Tambaya: Kuɗina ba su da yawa. Wane agogo zan saya wanda zai taimake ni a wajen atisaye? Na ga wasu masu araha da aka ce har sukari da hawan jini suna aunawa.

Amsa: Wannan alkawarin na sukari shi ne dalilin da zai sa ka bar su a shagon. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da wani agogo ko zobe da ya ce yana auna sukari ba tare da huda fata ba, domin babu ko ɗaya da ta amince da shi. Mai ciwon sukari da ya sha magani bisa irin wannan lamba zai iya jefa kansa cikin hatsari. Hawan jini ma a auna shi da na'urar damtse.

Ka nemi ƙaramin agogo na kamfanin da aka sani, wanda cajinsa ke kai kwanaki, zufa ba ta ɓata shi, yana da agogon ƙirga lokacin hutu tsakanin zagaye. Gwada shi tun a shago: ɗaura, ka sa yatsa biyu a jijiyar ɗaya hannun ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka kwatanta. Sannan ka tsuguna ka miƙe sau 20 ka ga ko lambar ta hau. In ba ta motsa ba, mayar masa da kayansa. Canjin da ya rage ka sayi ɗan littafi da biro, ka riƙa rubuta kilo nawa ka ɗaga, sau nawa, ran wace rana, sai ka ɗan ƙara nauyi duk lokacin da zagayen ƙarshe ya daina ba ka wuya.