Waƙoƙin sojojin Jamus: wanne ne na zamanin Hitler, wanne aka jingina masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ganin bidiyon jiragen yaƙin Jamus a TikTok da YouTube, an ɗora musu waƙar "Was wollen wir trinken", wai taken sojojin saman Hitler ne. Gaskiya ne? Kuma duk waƙoƙin da sojojinsa suka rera, a zamaninsa aka yi su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan magana ba ta da tushe bare makama, kuma yadda take yawo a wayoyin matasa yana damuna. Karin waƙar daga Faransa ya fito, yankin Bretagne, inda aka yi ta a 1929 da harshen mutanen wurin, kan giyar tuffa. Wani mawaƙin yankin, Alan Stivell, ya farfaɗo da ita a 1970. Wasu mawaƙan Holan da ake kira Bots suka sa mata sababbin baitoci da yarensu a 1976, sannan suka rera ta da Jamusanci a 1980, shekara 35 bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu. Su Bots ɗin nan 'yan rajin kare ma'aikata ne masu ƙin yaƙi. Kawai don an ji Jamusanci da bugun ganga, sai aka haɗa su da mutanen da suka fi ƙyama.

Cikin waɗanda sojojin suka rera da gaske ma, da yawa sun girmi Hitler nesa ba kusa ba. Taken ƙasar da ke farawa da "Deutschland über alles", Hoffmann von Fallersleben ya rubuta shi a 1841, kan karin da Joseph Haydn ya tsara a 1797, kuma a 1922 ya zama taken ƙasa. Waƙar makokin soja, "Ich hatt' einen Kameraden", ta 1809 ce, har gobe ana busa ta a jana'izar sojan Jamus.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce "Lili Marleen". Wani matashin soja, Hans Leip, ya rubuta baitocinta a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Babu bindiga a ciki, babu kirari: soja ne yake tuna budurwarsa, yadda suke tsayuwa ƙarƙashin fitilar titi a ƙofar bariki. Norbert Schultze ya yi mata kari a 1938, Lale Andersen ta rera a 1939, faifan ya ƙi kasuwa. Sai a 1941 gidan rediyon sojojin Jamus da ke Belgrade ya shiga saka ta kullum gab da ƙarfe goma na dare. A hamadar Libiya da Masar, sojojin Jamus na Janar Rommel suna kasa kunne, sojojin Ingila da ke ɗaya ɓangaren su ma sun murɗo tashar. Goebbels, ministan farfaganda, bai so ta ba, yana ganin tana kashe wa mayaƙa jiki, kuma a 1942 an hana Andersen waƙa na wani lokaci.

Sai dai kada ka ɗauka duka wanke su nake yi. "Erika", wadda ita ma ta cika intanet, baitocinta kan furen daji ne da wata yarinya, amma mai ita, Herms Niel, ɗan jam'iyyar Nazi ne, shugaban 'yan badujalar hukumar aikin ƙasa ta gwamnatin, kuma a 1938 aka buga ta. Daɗin baitin bai raba ta da gidan da ta fito ba. Ita kuwa waƙar da wani ɗan Nazi, Horst Wessel, ya rubuta a 1929 taken jam'iyyar ce kai tsaye, kuma rera ta a bainar jama'a laifi ne a dokar Jamus ta yau, wanda zai iya kai mutum gidan yari.