Ku Tambaya Mu Amsa: Gobara a ƙauye, kuma mota na nesa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni daga wani ƙauye nike cikin ƙasar Argungu. Bara da hunturu wuta ta tashi gidan maƙwabcinmu, daga murhu ta kama danga, daga danga ta haye rumbu biyu na shinkafa da gero, munka yi ta neman 'yan kwana-kwana amma ga nisa ga hanya ba kyau, kafin a ce mi komi ya zama toka. Shi ne mu samari munka ce za mu kafa ƙungiyar sa kai ta kashe gobara, sai dai ba mu da mota ba mu da kayan aiki, wasu ma dariya suka yi muna. Don Allah ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar wa maƙwabcinku da alheri. Masu dariya ku ƙyale su, ranar da iskar hunturu ta juyo ta gidansu ku za su fara kira.

Ku fara da mai gari da liman, don lasifikar masallaci ita ce jiniyarku. Sannan ku raba aiki tun wuta ba ta tashi ba, wane zai yi shela, wane zai kira lambar gaggawa ta 112, su wane za su fitar da yara da tsofaffi, saboda abin da ya fi ɓata aiki shi ne mutum hamsin kowa ya ɗauko bokiti yana ihu babu mai jin wani. Kuma wa ya ce ba ku da kayan aiki? Ku da ke bakin fadama ai kuna da injin ban ruwa da mesa, a ware ɗaya kusa da rijiya da mai a cikinsa, a san mai tayar da shi.

Amma fa injin nan shi ke kawo babbar matsalar, wato fetur. Lokacin noman rani gida nawa ne babu jarka a ƙarƙashin gado, a ɗakin da ake kunna igiyar leko ko a shigo da kaskon garwashi? Fetur ba sai wuta ta taɓa shi ba, tururinsa kaɗai ya isa, kuma in ya kama kada wanda ya watsa ruwa, fetur bisa ruwa yake hawa, sai ka ga wutar tana gudu tana bin ruwan har ƙofar ɗaki. Yashi ake zubawa ko ƙasa. Haka man gyaɗa in ya kama a tukunyar tuya, murfi za a kifa. Wutar wayar lantarki kuma a kashe lantarki ko janareta tukuna.

Wani abu da na gani da idona wajen Bunza, wani dattijo bai kula da gidan da ke ci ba, adda ya ɗauka ya bi zanar da ke gaban iska yana sare ɗaurinta tana kwanciya, mutane na cewa Baba ya ruɗe, wutar na zuwa wurin ta rasa abin ci ta tsaya. Don haka ku share ciyawa kewayen rumbuna, ku nisanta tarin kara da bambaro daga madafa, masu cinna wa daji wuta don gafiya kuma wannan sai mai gari ya sa baki.

Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi har minti 20, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai ko man goge baki, sai asibiti. In kun haɗu kun kai goma, ku rubuta wa ofishin kwana-kwana mafi kusa takarda da sa hannun mai gari ku roƙi su zo su koya muku, kafin iskar Disamba ta fara.